Ni kaɗai ke jinyar Mama a nan Ingila, wai da gaske asibitin unguwa na da taimakon da suke yi wa mai jinya?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Ingila ko masu aikin asibiti a nan ku taimaka min da bayani, na rasa wanda zan tambaya ne shi ya sa na kawo maganar nan.

Mahaifiyata shekararta 74, tun rasuwar Baba ta dawo wajena da zama, to bara waccan Allah ya jarrabe ta da shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu, ga suga ga hawan jini dama tun da can. Alhamdulillah baki ya dawo tana magana, amma ba ta iya tashi ita kaɗai, wanka da banɗaki da alwala da canjin kaya da maganin safe da na dare duk ni ce, cikin dare kuma sai ta tashe ni sau biyu wani lokacin sau uku, ga yara uku 'yan makaranta, maigida aikin dare yake yi in ya dawo da asuba ba shi da sauran ƙarfi, ni kuma ina ɗan aikin awa 16 a sati a wani kanti don ba zai yiwu na zauna haka ba. Yayyena biyu suna gida, suna kira kullum suna sa albarka Allah ya saka musu, amma waya ba ta ɗaga mara lafiya daga gado.

Wallahi ba ƙorafi nake ba, uwata ce, in ban yi mata ba wa zan yi wa. Sai dai jikina ya fara gaya min. Bayana wata huɗu kenan yana ciwo, in na sunkuya zan ɗaga ta sai na ji kamar an soka min wuƙa a ƙugu, barci kuma ya ƙaurace min ko ta yi shiru ni idona biyu, ranan a wajen aiki na tsinci kaina ina kuka ba wanda ya yi min komai. Sau biyu ana ba ni lokacin ganin likita ina fasawa saboda ba wanda zan bar wa Mama, kuma kun san yadda abin yake, ƙarfe takwas na safe ake kiran waya a kama layi, daidai lokacin ina tsakanin wankan Mama da shirya yara.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne satin da ya wuce na kira asibitin unguwarmu na tambayi sakamakon gwajin jinin Mama, matar da ke kan waya ta ce ba za ta iya gaya min ba sai dai Mama ta yi magana da kanta. Mama da Turancinta bai wuce gaisuwa ba, tun ciwon nan ma ya ƙara guduwa. Na ce mata ni ce fa nake ba ta magani ni na kawo ta aka ɗibi jinin, ta ce ta gane amma doka ce.

Da na ba wata abokiyar aikina labari sai ta ce ai laifin shi ne ba su rubuta ni a matsayin keyara ba, wai in je in ce su saka ni a rajista. Ni abin ya ɗaure min kai, don keyara a sanina su ne masu yunifom da kamfani ke biya suna zagaya gidaje, ni kuwa 'yarta ce. Shi ne nake tambaya, da gaske akwai wannan rajistar? Me ake samu in an shiga? Ana biyan kuɗi? Kuma abin da ya fi damuna, in na je na ce na gaji ba za su ɗauka na kasa ba su ce za su kai min uwa gidan tsofaffi? Wannan tsoron ne ya hana ni buɗe baki tuntuni. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Anti Bilki

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Sannu ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan. Na karanta rubutunki sau biyu, ni nas ce shekarata 19 a ƙasar nan kuma shida daga ciki a asibitin unguwa na yi su, irin wanda suke cewa GP, don haka bari na gaya miki abin da na gani da idona.

Abokiyar aikinki gaskiya ta faɗa miki. A wajensu duk wanda ke kula da wani nasa saboda ciwo ko tsufa ko naƙasa ba tare da ana biyansa ba, to keyara ne, ko 'ya ce ko miji ko maƙwabci, ba sai mai yunifom ba. A ƙidayar 2021 mutum kusan miliyan 5 ne a Ingila da Wales suka ce suna irin wannan jinyar. Mu ne dai ba ma kiran kanmu da sunan, mu a wajenmu biyayyar iyaye ce kawai ba ta da wani suna, kuma haka ne, amma kwamfutarsu ba ta san biyayya ba sai abin da aka rubuta mata. Na sha ganin matanmu su zo da tsohuwa shekara da shekaru su suke fassara su suke karɓar magani, amma a fayil ɗinsu babu ko layi ɗaya da ya nuna suna ɗauke da wannan nauyin, likita yana ganin hawan jininsu yana tashi bai san dalili ba.

Abin yi ba wuya. Ki je risefshan, kar ki je da safe lokacin rububin waya, ki bari sai wajen ƙarfe biyu ko uku, ki ce ke ce mai kula da mahaifiyarki ba biya kuma kina so a saka ki a rajistar masu jinya. Fom ne ɗan ƙarami, wasu ma yana kan shafinsu na intanet, kuma kyauta ne ko sisi ba a karɓa. A fayil ɗinki ke ake rubutawa, don haka in asibitinki daban na Mama daban sai ki sanar da duka biyun.

Sai magana ta biyu wadda ita ce ta hana ki sakamakon jinin, kuma rajistar kaɗai ba ta warware ta, wannan mutane da yawa suna haɗa su. Sirrin mara lafiya nasa ne ko da 'yarsa ce ke tambaya, sai Mama ta ba da izini a rubuce cewa a riƙa yi miki bayanin lafiyarta. Ki nemi fom ɗin izinin a rana ɗaya, ki karanta mata da Hausa ta sa hannu. Ki kuma tambaye su a haɗa miki bayananta a manhajar NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, ta wayarki, in suka yi miki wannan daga waya za ki riƙa neman sabunta maganinta ba sai kin kama layin ƙarfe takwas ba. Matar da ta hana ki ba ƙeta ta yi ba, in ta faɗa ba izini tana iya rasa aikinta.

Me ake samu? Kar na cika ki da buri, ba kuɗi asibitin ke bayarwa ba kuma ba duk asibiti ne hannunsu ɗaya ba, wani yana da ma'aikaci takanas da aka ɗora wa lamarin masu jinya wani kuma sai kin yi ta bibiya. Amma allurar rigakafin mura kyauta ce gare ki duk shekara wajen watan Oktoba tunda ke ce babbar mai kula da dattijuwa, dalilinsu shi ne in kika kwanta wa zai duba ta. Da yawa suna sassauta wa mai jinya lokacin ganin likita, ko a yi miki ta waya, ko a haɗa naki da na Mama a jere ku yi tafiya ɗaya. In fitar da Mama ya zama wahala sosai ki ce a rubuta ta cikin waɗanda ba sa iya fita, nas ɗin unguwa za ta riƙa zuwa gida ɗibar jini da duba ta. Tafinta ma haƙƙinta ne kuma kyauta, ki ce a rubuta Hausa a fayil ɗinta a riƙa nema tun kafin ranar, wani lokacin ta waya ake haɗawa. Na san za ki ce ai ke kina fassara mata, to akwai abin da uwa ba za ta iya faɗa ta bakin 'yarta ba saboda kunya, musamman maganar fitsari da bayan gida, na ga wannan ba sau ɗaya ba.

Sannan ki nemi a haɗa ki da wanda suke kira social prescriber, tun wajen 2019 aka fara zuba su a asibitocin unguwa, ba likita ba ne, aikinsa ya zauna da ke ya ji matsalarki ya haɗa ki da cibiyar masu jinya ta yankinku da masu taimakon cike fom.

Amma kafin duk wannan, bayan nan naki da rashin barcin da kukan nan. Ki nemi lokaci na kanki, ki ce a ba ki mai tsawo, ki faɗa wa likita kamar yadda kika rubuta mana a nan kar ki rage komai, kar ki shiga ki ce lafiya lau alhamdulillah irin tamu. Ɗaga mutum ba tare da an koya miki ba kuma ba kayan aiki shi ke kashe baya, akwai ma'aikatan da ke zuwa gida su duba gado da banɗaki su kawo abin riƙewa da kujerar wanka su nuna miki yadda ake juya ta. Dan Allah kar ki ƙara fasa naki.

Baban Sadiq

Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Anti Bilki ta gama magana a ɓangaren asibiti, ni zan ɗora a ɓangaren kansul, wato ƙaramar hukuma, da kuɗi don shekara biyar na yi ina jinyar mahaifina kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma shekara biyun farko a makance na yi su ban san komai ba.

Asibiti ƙofa ce kawai, babban taimakon yana wajen kansul ɗinku, sashen kula da manya. Akwai dokar da ake kira Care Act ta 2014, ita ta ba duk mai jinya baligi a Ingila haƙƙin a zauna da shi a auna halin da yake ciki, sunan abin carer's assessment, ki riƙe sunan haka don shi za ki faɗa musu. Kyauta ne, ba ruwansu da albashinki ko awa nawa kike yi, asibiti za su iya tura sunanki ke ma za ki iya kira da kanki, ni shawarata ki yi duka biyun don wani lokacin takarda tana kwana a hanya. Ba jarrabawa ba ce ta ko kin iya jinya, tambayarki za su yi kina barci? kina iya zuwa aiki? kina da lokacin yaranki? kina so ki ci gaba kuma za ki iya? Kuskuren da na yi a karon farko shi ne na yi ta cewa ba komai muna managi, sai matar ta rubuta ba komai ta tafi. Karo na biyu sai da na yi sati ina rubuta duk abin da nake yi a littafi da lokacinsa har tashin dare, na ajiye mata a gaba, a nan ne aka ba mu mai zuwa da safe yana yi wa Baba wanka da kuma wasu awanni a sati da wani zai zauna da shi in fita.

Ita ma Mama a nemi a yi mata nata awon daban na buƙatunta, shi ma kyauta ne. Masu zuwa gida ɗin ne ake duba abin hannunta kafin a ce ga abin da za ta biya, a Ingila in ajiyarta ta haura fam 23,250 ita za ta biya duka, in ba ta kai ba kansul na ɗaukar wani kaso ko duka. Kayan aiki kuwa irin su kujerar wanka da ƙananan gyare-gyaren gida da ba su wuce fam 1,000 ba kamar ƙarfen riƙewa a bango, waɗannan ba a biya.

Maganar alawus, wannan ba asibiti ba ne ba kansul ba, ma'aikatar DWP ce mai kula da fansho da alawus. Ki fara da Mama, tunda ta wuce shekarun fansho ki duba Attendance Allowance, kuɗin da ake ba tsofaffi masu buƙatar kulawa, ba a duba dukiya a wannan, buƙatar taimako ake dubawa. Fom ɗin dogo ne ƙwarai kar ki cike ke kaɗai, ki je ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice ko Age UK, ko cibiyar masu jinya. Sai ta samu wannan sannan ke za ki iya neman Carer's Allowance, wato alawus ɗin mai jinya, sharaɗin ki riƙa kula da ita awa 35 ko fiye a sati, wanda ke kin ninka haka ma. A lissafin Afrilun 2025 fam 83.30 ne a sati, ba yawa amma yana rage zafi kuma yana cike miki shekarun fanshonki. Duk Afrilu suna canza lissafin don haka ki duba na yanzu.

Inda nake so ki buɗe ido sosai shi ne iyakar albashi. A lissafin Afrilun 2025 fam 196 ne a sati bayan an cire haraji da wasu abubuwa, kuma in kika haura ko da fam ɗaya ne alawus ɗin satin gaba ɗaya ya tafi, ba ragewa ake yi ba. Awa 16 ɗinki in a mafi ƙarancin albashi ake biyanki, fam 12.21 a awa a lissafin 2025, ya kama fam 195 da 'yan kai, kin ga a bakin layi kike, obataim ɗin awa ɗaya ya isa ya tsallakar da ke. Mutane da yawa a ƙasar nan sun wayi gari ana binsu bashin dubban fam saboda wannan, har jaridu suka yi ta magana. Duk canjin da aka samu a albashi ki sanar da su a rubuce ki ajiye kwafi. Kuma kafin ki nema a duba miki ko zai taɓa wani kuɗin da Mama ke karɓa.

A wajen aiki ma tun 6 ga Afrilu 2024 doka ta ba mai jinya hutun sati ɗaya a shekara, ba biya dai, amma ba za a hana ki ba sai dai a ɗaga miki ranar, kuma za ki iya ɗaukarsa rabin yini rabin yini don kai ta asibiti.

Ummu Khalil

Sannu Maman Ilham Allah ya ba da lada. Ni dai abu ɗaya zan ƙara saboda masu karantawa da ke kan biza irina, don Baban Sadiq bai taɓo wajen ba. Mijina ne ba lafiya ciwon ƙoda, sau uku a sati ake masa wankin ƙoda, kuma takardunmu an rubuta ba mu da damar cin kuɗin gwamnati. To Carer's Allowance da Attendance Allowance duk suna cikin kuɗin da aka hana mai irin wannan bizar, in ka karɓa kana iya jawo wa takardunka matsala, saura kaɗan na cike wata 'yar uwa ta tare ni Allah ya saka mata. Don haka kowa ya duba takardarsa tukuna ya nemi shawarar masana kafin ya taɓa fom ɗin kuɗi.

Amma rajistar asibitin unguwa ba ta cikin wannan, ganin GP kyauta ne ga kowa ba ruwansa da biza, ni an saka ni a rajistar masu jinya an yi min allurar mura, kuma ta hanyarsu na samu cibiyar masu jinya inda muke haɗuwa sau ɗaya a wata. Wallahi ranar farko da na je ban ce uffan ba kuka kawai na yi, wata tsohuwar Baturiya da ta shekara 11 tana jinyar mijinta ta riƙe hannuna har aka tashi. Su ne ma suka yi min katin gaggawa da nake yawo da shi a jaka, wanda ke nuna akwai mara lafiya a gida da ya dogara da ni, in wani abu ya same ni a hanya a san da shi. Ki tambaya ko yankinku suna yi.

Waɗanda ke Sikotilan ku lura tsarinku daban ne, can sunan kuɗin ma Carer Support Payment.

Alhaji Na Leeds

Ni fa ina da ja a maganar nan ku yi haƙuri. Duk abin da kuka lissafa na ji, amma da zarar ka buɗe wa hukumar ƙasar nan ƙofar gidanka shi kenan ka shigo da ido, yau su zo duba banɗaki gobe su ce gidan bai dace ba jibi su ce a kai tsohuwa wani waje, kuma ga yara a gidan. Sannan ya za a yi baƙo ya zo yana yi wa uwarka wanka kana raye? Mu ba haka aka rene mu ba. Ni a ganina Hajiya ki yi haƙuri ki daure, a nemi 'yan uwa mata a unguwa su riƙa kama miki, aljanna ce kike nema kuma ba ta samuwa da sauƙi.

Anti Bilki

Alhaji na fahimci tsoronka kuma ba kai kaɗai ba ne, ita ma Maman Ilham da shi ta rufe tambayarta kuma ban amsa mata shi yadda ya kamata ba, to bari na amsa yanzu.

Mama tana cikin hankalinta tana magana. A dokar ƙasar nan ta 2005 kan ikon yanke hukunci, baligin da ke cikin hankalinsa shi ke zaɓar inda zai zauna, ba likita ba kansul ba 'ya'yansa ba, in ta ce gidan 'yarta take so magana ta ƙare. Kuma a zahiri su kansu sun fi son mutum ya zauna a gida don gidan tsofaffi tsada ne da shi ba kaɗan ba. A shekarun da na yi, tsofaffin da na ga sun ƙare a inda iyalansu ba sa so, mafi yawa ba don an nemi taimako ba ne, mai jinyar ce ta daure ta daure har ta faɗi, aka kwantar da ita a asibiti, dare ɗaya aka rasa mai duba tsohuwa sai aka kai ta duk inda aka samu gado. Wannan bayan da ke ciwo wata huɗu in ya riƙe gaba ɗaya ranar wa zai ɗaga Mama, Alhaji?

Maganar wanka kuma ana iya cewa mace kawai ake so kuma a rubuta a tsarin kulawar, haka abincin halal da lokutan salla da yadda ake mata tsarki, duk ana faɗa, matanmu nawa ne ma suke wannan aikin yanzu. Kuma ba dole sai wanka ba, Maman Ilham tana iya riƙe wankan a hannunta ta ce abin da take so shi ne mai zama da Mama awa uku ta samu ta runtsa ko ta je nata asibitin. Taimakon 'yan uwa na unguwa da ka ce yana da kyau ƙwarai a yi shi, amma kowa a nan yana fama da shif ɗinsa, za su zo sati biyu na farko da kuloli daga nan sai waya, ba don ba sa so ba.

Tunda ka ambaci yara, Maman Ilham ina da tambaya, babbar 'yarki tana kama miki jinyar? In tana yi to ita ma suna da tsari na yara masu jinya, makaranta in ta sani tana sassauta mata, ba ƙwace yara ake yi don sun taimaki kakarsu ba.

Abu na ƙarshe da na manta ɗazu, tun Mama na cikin hankalinta ku yi maganar takardar wakilci wadda ake kira Lasting Power of Attorney, iri biyu ce ta lafiya da ta dukiya, ita za ta zaɓi wanda zai yi magana a madadinta in ranar ta zo ba ta iyawa. Wanda ya taɓa samun shanyewar jiki ba a jinkirta masa wannan, don in hankali ya gushe ba a iya yin ta kuma sai an bi ta kotu. Ki sa yayyenki a waya a yi maganar tare kowa ya ji daga bakinta.

Maman Ilham

Salam, na dawo in gaya muku yadda aka yi. Anti Bilki, Baban Sadiq, Ummu Khalil, Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa, Baban Sadiq Allah ya gafarta wa Baba, Ummu Khalil Allah ya tashi kafaɗun maigida. Alhaji kai ma na gode, abin da ka faɗa shi ne a zuciyata tun farko shi ya sa sai da na zauna da Mama na karanta mata duk amsoshin nan da Hausa kafin na taka ko'ina.

Abin da ta ce ya sa ni hawaye, wai ita ta daɗe tana jin nishina in zan ɗaga ta, har takan riƙe fitsari cikin dare don kar ta tashe ni, ban taɓa sani ba wallahi. Ta ce in dai mace ce kuma ba za a fitar da ita daga gidan ba ta yarda, wanka dai ni take so.

Ranar Talata da rana na je asibitin, fom ɗin rajistar shafi ɗaya ne ko minti biyar ban yi ba, na karɓo na izinin Mama ta sa hannu da damanta na mayar washegari. Matar da ta hana ni sakamakon ita na tarar kuma ita ta taimaka min da komai har ta rubuta Hausa a fayil ɗin Mama. Haɗa bayananta a wayata sun ce sai likita ya duba tukuna, ina jira. Na ga likita ranar Juma'a na faɗi komai yadda Anti ta ce ban rage ba, ta duba bayan ta tura ni wajen masu gashin ƙashi, maganar barci da kukan kuma ta ce in dawo bayan sati biyu mu sake zama, ta kuma ba ni bayanin inda ake zuwa a yi magana da masana damuwa kyauta wanda mutum ke iya kai kansa. Kansul na kira su da kaina sun ɗauki sunana da na Mama amma sun ce akwai layi zai ɗauki makonni, na fara rubuta littafin da Baban Sadiq ya ce, daren jiya kaɗai tashi uku na rubuta.

Anti eh, Ilham shekararta 14 kuma ita ke zama da Mama duk ranar da nake aikin yamma, ita ke ba ta abinci har ta iya gwada suga, ban taɓa kawo wa raina cewa ita ma jinya take ba, zan yi magana da makarantarsu. Takardar wakilcin mun sa ranar Lahadi da su Yaya a waya.

Saura fom ɗin Attendance Allowance, an ba ni ranar 19 ga wata a cibiyar masu jinya za a taya ni cikewa. Baban Sadiq dan Allah wace takarda da wace takarda zan tafi da su ranar, kuma wasiƙar sallamar Mama daga asibiti ta bara waccan za ta yi amfani ko sai na nemi sabuwa daga wajen likita?